Aikin sa-kai ne, amma sai da takarda: yadda ake tantance masu horar da 'yan wasan Special Olympics

A ce yarinya ta yi tseren mita 100 da safe, agogo ya nuna sakan 20. Da la'asar, a zagayen ƙarshe, ta cinye shi a sakan 16, ta bar sauran a baya, 'yan kallo suka ɓarke da shewa. A ko'ina wannan ranar farin ciki ce. A gasar Special Olympics kuwa, wadda ƙungiya mai wannan suna ke shirya wa masu naƙasar fahimta, alƙalai na da ikon hana ta zinaren, su miƙa mata ƙyallen shaidar halarta kawai. Idan kuma aka zo bin ba'asi, ba ita za a tsare da tambaya ba. Kocinta za a nema, mutumin da wataƙila direban bas ne ko malamar firamare, wanda ko sisi ba a biyansa a kan wannan aiki.

Wanda ya gane dalilin wannan hukunci ya gane rabin abin da ya sa ƙungiyar ba ta barin kowa ya rataya usur ya tsaya gaban 'yan wasanta sai ya bi wasu matakai ya karɓi takardar shaida. Za mu dawo kan yarinyar, amma sai mun fara gyara wata kalma.

Mutane da yawa idan suka ga irin waɗannan 'yan wasa sai su ce "masu taɓin hankali". Kuskure ne. Taɓin hankali ciwo ne da kan iya samun mai lafiya da rana tsaka, ana kuma yi masa magani. Abin da ake magana a kai a nan naƙasar fahimta ce: mutum ya taso tun yarinta yana ɗaukar darasi a hankali fiye da tsararrakinsa, yana kuma buƙatar taimako a harkokin yau da kullum, kamar lissafin canji, kiyaye lokaci, ko gane nufin mai yi masa magana. Likitoci kan duba gwajin kaifin basira, wanda kan tsaya wajen maki 70 zuwa 75 ko ƙasa da haka, su haɗa da yadda mutumin ke tafiyar da rayuwarsa. Masu larurar Down na ciki, haka ma wasu daga cikin masu larurar otizim. Kafofin labarai na Hausa kan tara su a ƙarƙashin sunan galahanga, a unguwa kuwa dolo ko gaula ake jifansu da shi. Wannan matsala ta suna ba tamu ce mu kaɗai ba: sai a 2010 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar da ta cire tsohuwar kalmar Ingilishi da ake kiran wannan naƙasa da ita, wadda ta riga ta koma zagi, daga dokokin tarayyar Amurka.

Daga bayan gida zuwa filin Shikago

Da 'yan sa-kai aka fara aikin tun ranar farko. A 1962 Eunice Kennedy Shriver, 'yar'uwar Shugaba John F. Kennedy, ta buɗe sansanin wasanni na lokacin zafi a filin gidanta da ke jihar Maryland. Yayarta Rosemary na da naƙasar fahimta, kuma tiyatar ƙwaƙwalwa da aka yi mata a 1941 ta ƙara dagula mata lamari har ƙarshen rayuwarta. Waɗanda suka kula da yaran a sansanin ɗaliban sakandare ne da na jami'a, ba ƙwararru ba. Shekara shida bayan nan, ranar 20 ga Yulin 1968, aka yi gasar Special Olympics ta farko a filin Soldier Field na Shikago, da 'yan wasa kimanin 1,000 daga Amurka da Kanada. A 1988 Kwamitin Olamfik na Duniya ya amince da ƙungiyar a hukumance. A gasar Berlin ta Yunin 2023, 'yan wasa fiye da 6,000 ne suka zo daga ƙasashe sama da 170.

Akwai wani suna da ya kamata duk koci ya sani, Dokta Frank Hayden, masanin motsa jiki ɗan Kanada. A farkon shekarun 1960 an ɗauka cewa raunin jikin waɗannan yara daga naƙasar yake, wato babu abin yi. Hayden ya horar da wasu yara a Toronto ya nuna cewa zaman kashe wando ne ya raunana su, domin ba wanda ya taɓa kai su fili. Da aka ba su atisaye sai ƙarfi ya zo, iyawa ta zo. Dukan tsarin horar da kocoyi a kan wannan binciken yake tsaye: ɗan wasa na iya ƙaruwa, saboda haka wanda ke gabansa ya zama mai koyarwa na gaske, ba mai reno ba.

Tambayar farko ba ta wasa ba ce

A Amurka da Kanada, inda tsarin ya fi zama daram, kowace jiha ko lardi na da reshenta, kuma akwai 'yan bambance-bambance. Amma ƙashin bayan abin ɗaya ne. An raba 'yan sa-kai gida biyu. Akwai na rana ɗaya, masu raba ruwa ko rubuta maki a wurin gasa a bainar jama'a. Akwai kuma waɗanda za su riƙa cuɗanya da 'yan wasa a kai a kai, su ɗauke su a mota, su kwana da su a masauki ɗaya, ko su riƙe kuɗin ƙungiya. Koci na cikin rukuni na biyu, kuma kafin a tambaye shi ko ya san dokar ƙwallon kwando, sai an binciki tarihinsa. Wanda kotu ta taɓa kamawa da cin zarafin yaro, fyaɗe, garkuwa da mutane ko kisa, ƙofa a rufe take. Wanda aka kama yana tuƙi a buge ba da jimawa ba, ana iya karɓarsa amma ba zai tuƙa ɗan wasa ba. Matashin da bai kai 18 ba sai ya kawo manya biyu da ba danginsa ba su tsaya masa. Duk bayan shekara uku a sake binciken.

Daga nan sai wani gajeren kwas ta intanet kan kare 'yan wasa daga cin zarafi. Wani zai ce ai an cika zargi, mutum ya kawo kansa don taimako ana yi masa kallon ɓarawo. Alƙaluma ne suka tilasta. A Janairun 2018 gidan rediyon NPR ya fitar da wani bincike da ya dogara da bayanan Ma'aikatar Shari'a ta Amurka, wanda ya nuna cewa masu naƙasar fahimta na fuskantar cin zarafi ta hanyar lalata fiye da ninki bakwai na waɗanda ba su da naƙasa. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Tun suna yara an koya musu bin umarnin babba. Wasu ba su da kalmomin da za su bayyana abin da aka yi musu. Idan ma suka faɗa, sau da yawa ba a yarda. Mugu ya san duk wannan, kuma wurin da ake neman 'yan sa-kai ido rufe shi ne wurin da kura za ta fi sauƙin shiga da fatar akuya.

Abin da kwas ɗin ke koyarwa ƙa'idoji ne masu sauƙi da ke toshe kafa. Kada babba ɗaya ya keɓe da ɗan wasa inda ba mai ganinsu. Wurin canza kaya da wanka a samu manya biyu a kusa. Idan an yi tafiya, maza daban mata daban, kuma a haɗa masu shekaru da girman jiki kusan ɗaya a ɗaki. Babba ɗaya bai kamata ya kula da 'yan wasa fiye da huɗu ba. Soyayya tsakanin koci da ɗan wasansa haramun ce ko da dukansu manya ne, domin ɗaya na da iko a kan ɗaya. Ana kuma koya wa koci alamomin da zai sa wa ido: yaron da ya fara gudun wani mutum takamaimai, tabon da labarinsa bai yi daidai da shi ba, babban da ke yawan ba ɗan wasa guda kyauta yana neman su keɓe. In ya ga haka aikinsa ya kai rahoto, ba ya zama ɗan sanda ko alƙali ba. Waɗannan ƙa'idoji suna kare kocin kirki ma, domin wanda bai taɓa keɓewa da yaro ba, da wuya a yi masa ƙazafi.

Wuya, kai da farfaɗiya

Mataki na gaba na lafiya ne. Ba ɗan wasan da ke fara atisaye sai da takardar bayanan lafiyarsa, kuma kocin ne ke yawo da bayanan a jakarsa: wa ke shan wane magani, wa ba ya jure zafin rana, wa za a kira in wani abu ya faru. Kusan rabin jariran da ake haifa da larurar Down na zuwa da matsalar zuciya. Wasu daga cikinsu kuma na da sakin gaɓa tsakanin ƙashin wuya na farko da na biyu, ta yadda lanƙwasa wuya da ƙarfi na iya taɓa laka. Shi ya sa ake taka-tsantsan da su a wasanni irin su alkafura, tsallen sama, hawan doki, judo, faɗawa ruwa da ka, da ƙwallon ƙafa. Kocin da ya ga tafiyar ɗan wasansa ta canza, ko yana kukan ciwon wuya, ko hannunsa ya fara sakewa, ya san tsayawa zai yi a ga likita.

Farfaɗiya ta fi yawa a cikinsu nesa ba kusa ba, kimanin mutum ɗaya cikin biyar. Abin da ake koya wa koci ya saba wa abin da yawancinmu muka taso muna gani. Ba a cusa cokali a baki, ba a danne mutum, ba a ɗura masa ruwa. A kawar da abin da zai ji masa ciwo, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a kwantar da shi ta gefe, a duba agogo. In ta wuce minti biyar, a kira motar asibiti.

Tun 2015 aka wajabta wa kocoyi a Amurka kwas kan girgizar ƙwaƙwalwa, wadda buguwa a ka ke jawowa. Dokar ita ce, da zarar an yi zargi, a fitar da ɗan wasa. Ba zai dawo ba sai likita ya rubuta cewa ba girgizar ba ce, ko kuma bayan aƙalla kwana bakwai tare da izinin likita a rubuce. Wahalar a nan ita ce alamomin da ake dubawa, jinkirin amsa tambaya, ruɗewa, rashin daidaito a tafiya, na iya zama yadda ɗan wasan yake tun asali. Sai wanda ya san shi yau da gobe ne zai gane cewa shirun yau ba irin na jiya ba ne. Wannan ilimi babu kwamfutar da ke bayar da shi, shi ya sa rassa da yawa ke neman sabon koci ya yi awa goma yana aiki da 'yan wasa a ƙarƙashin gogaggen koci kafin a ba shi takarda.

Inda tausayi ke yin ɓarna

Sai a nan ake zuwa wasan kansa. Mai neman takarda zai yi kwas a kan wasan da ya zaɓa, da wani kan yadda ake koyar da masu naƙasar fahimta. Dabarar farko ita ce farfasa abu. Abin da sauran yara ke ɗauka da kallo ɗaya, kamar jefa ƙwallo a kwando, sai an raba shi gunduwa-gunduwa: tsayuwar ƙafa, riƙon ƙwallo, lanƙwasa gwiwa, sakin hannu. A koyar da ɗaya har ya zauna, sannan a ɗora na gaba. Magana gajeriya, kalma iri ɗaya kullum. Kocin da yau ya ce "durƙusa", gobe ya ce "yi ƙasa", jibi ya ce "lanƙwasa", ya koyar da abu uku ne alhali yana zaton ɗaya ya koyar. Bayan umarni kuma a yi shiru a jira, domin kai na buƙatar lokaci ya juya maganar, kuma maimaita ta da sauri sai ya mayar da aikin farko.

Taimako ma hawa-hawa ne. A fara da faɗa da baki. In bai yiwu ba a gwada a gabansa. In bai yiwu ba a taɓa gwiwar hannunsa a nuna masa hanya. Sai an rasa yadda za a yi ne ake kama hannun a yi motsin tare. Da zarar ya fara kamawa kuma, koci ya riƙa janye jikinsa. A ganina nan ne mafi wuyar darasi ga ɗan sa-kai, domin tausayi ne ya kawo shi, kuma tausayi ne ke sa shi ɗaure wa saurayi ɗan shekara 25 igiyar takalmi, ya yi masa magana da muryar da ake yi wa jinjiri, ya tafa masa a kan jifan da bai ko kusanci kwando ba. Ɗan wasa ya san bai ci ba. Abin da ya koya daga tafin shi ne ba a sa ran zai iya. Ƙa'idar ƙungiyar ta atisayen aƙalla mako takwas kafin gasa an kafa ta ne don kada abin ya koma biki na rana ɗaya da ɗaukar hoto.

Wanda ke shakkar inda horo na gaske ke iya kaiwa ya dubi Chris Nikic, ɗan wasan Special Olympics daga jihar Florida. A Nuwamban 2020 ya zama mai larurar Down na farko da ya kammala gasar Ironman: ninƙaya kilomita kusan 4, keke kilomita 180, sannan gudun yada-ƙanin-wani na kilomita 42, duka cikin ƙasa da awa 17. Yawancin 'yan wasa ba nan suka dosa ba, ba shakka. Akwai shiri na yara 'yan shekara biyu zuwa bakwai, tunda gasa daga shekara takwas take farawa, akwai kuma na masu naƙasa mai tsanani, inda nasarar wata shida na iya zama tura ƙwallo da hannu ɗaya. Kowanne da nasa kwas ɗin.

Mu koma kan yarinyar

A Special Olympics ba a yin gasa ɗaya ta mita 100 a fitar da zakara guda. Ana rarraba 'yan wasa rukuni-rukuni bisa jinsi, shekaru, da kuma iyawa, wadda ita ce kan gaba. Kowane rukuni daga mutum uku zuwa takwas, kuma ana son tazarar da ke tsakanin gwani da na baya kada ta wuce kashi 15 cikin 100. Na ɗaya zuwa na uku su samu zinare, azurfa da tagulla, na huɗu zuwa na takwas ƙyallen karramawa. Manufar ita ce duk wanda ya tsaya a layi ya kasance yana da damar ci.

To a nan gizo ke saƙa. Wa ke kawo makin da ake rabon da shi? Koci. Shi ke auna 'yan wasansa a atisaye ya aika da sakamakon, sannan a tabbatar a zagayen share fage. Kocin da ke kwaɗayin zinare zai iya rubuta sakan 20 ga mai gudun sakan 16, ko ya raɗa mata da safe cewa ta sassauta, ta faɗa rukunin da ta fi ƙarfi. Don haka aka kafa doka: a yawancin wasannin da ake aunawa da agogo ko mita, wanda ya zarce makinsa na share fage da fiye da kashi 15 cikin 100 ana iya soke nasararsa. Yarinyarmu ta zarce da kashi 20.

Ba kullum ne ha'inci ba. Tana iya yin tuntuɓe da safe, ko ƙarar bindigar tashi ta firgita ta. Dokar ta san da haka, ta ba koci damar sanar da alƙalai kafin zagayen ƙarshe cewa makin safe bai nuna ainihin gudunta ba, a mayar da ita rukunin da ya dace. Kocin da bai yi ba, ko dai bai san 'yar wasansa ba, ko bai san dokar ba, ko ya sani ya yi gum. Biyun farko kwas ne maganinsu. Na uku kuwa, abin takaicin shi ne yarinyar ce ke ɗanɗana kuɗar, kuma mai yiwuwa ba ta ma fahimci abin da ya faru ba.

Kada a ce ai wa zai yi maguɗi a wasan naƙasassu. A gasar Paralamfik ta 2000 a Sidni, wadda wata hukuma ce daban ke shiryawa, Sifaniya ta ci zinare a ƙwallon kwando na masu naƙasar fahimta. Daga baya ɗaya daga cikin 'yan wasan, Carlos Ribagorda, wanda ɗan jarida ne, ya fasa ƙwai: goma daga cikin sha biyun lafiyarsu ƙalau. Aka karɓe zinaren, aka kuma cire masu naƙasar fahimta baki ɗaya daga Paralamfik, ba su dawo ba sai a Landan a 2012. Manya suka yi laifi, 'yan wasan gaskiya suka rasa shekara goma sha biyu.

Irin wannan jarabawa na jiran koci a wasannin haɗaka, waɗanda ƙungiyar ta runguma a ƙarshen shekarun 1980, inda masu naƙasa da marasa naƙasa ke buga wa ƙungiya ɗaya. A ƙwallon kwando uku da biyu ne a fili, a ƙwallon ƙafa ta mutum sha ɗaya kuwa shida da biyar. Hanya mafi sauƙi ta cin wasa ita ce a bar marasa naƙasar su riƙa ba juna ƙwallo, sauran su zama 'yan rakiya. Akwai kwas na musamman kan hana wannan, kuma alƙalai na iya hukunta ƙungiyar da ta yi.

Takardar ba ta har abada ba ce. A yawancin rassan Amurka shekara uku take yi, sai an sabunta da ƙarin kwas. Kuma tsarin na da farashinsa. Kowane sharaɗi da aka ƙara yana korar wani mutumin kirki da ba shi da lokaci, alhali ƙa'idar ƙungiyar ta hana karɓar kuɗi daga ɗan wasa, saboda haka ba a iya cike gurbin da ma'aikata masu albashi. Ƙauyen da koci ɗaya gare shi, in takardarsa ta ƙare, ƙungiyar ta tsaya. Ni dai ina ganin gara a rasa koci goma da a shigar da mugu ɗaya, amma wanda ɗansa ke zaune a gida saboda babu mai horarwa yana da hujjar ganin abin daban.

Wata wahalar ta taso ne da tsarin ya bar gida. Special Olympics na da rassa a Afirka, har da Najeriya, inda ofishinta yake Legas, an kuma yi gasar nahiyar ta farko a Alƙahira a Janairun 2020. Binciken tarihin laifi yana da amfani ne a inda ake gurfanar da masu laifin a kuma adana sunayensu a rumbu guda. A inda akasarin irin waɗannan maganganu ke mutuwa a zauren mai unguwa don rufin asiri, takardar 'yan sanda mai cewa mutum ba shi da tabo ba ta faɗi komai ba. Najeriya ta samu dokar hana nuna wa naƙasassu wariya a Janairun 2019, amma doka ba ta tsayawa a ƙofar ɗakin canza kaya. Abin da ke iya ƙetare kowace iyaka ba tare da intanet ko rumbun bayanai ba shi ne ƙa'idar manya biyu, da awa goman nan a ƙarƙashin idon wanda ya riga ka.

Akwai kuma wata hanyar samun kocoyi da ƙungiyar ta buɗe ta shirinta na shugabancin 'yan wasa. Ɗan wasan da ya daɗe yana buga wasa na iya neman takardar koci ko ta mataimakin koci. Shi ma sai an binciki tarihinsa, ya yi kwasa-kwasan, ya yi awowinsa a fili, galibi da wani gogagge a gefensa yana taya shi karatun takardu. Bayan shekara uku shi ma ya sabunta.